Harami a Bakin Maliya

A bakin Hausawan da ke zaune a ƙauyukan Rusairis, kamar yadda yake a Larabcin maƙwabtansu, “bahar” shi ne kogin da ke wucewa ta bayan gari. Idan mace ta ce mijinta ya tafi bahar, nufinta ya ɗauki koma ya hau kwalekwale ya shiga Shuɗin Nilu neman karfasa da giwan ruwa. Wancan ruwan kuwa na can nesa, wanda alhazai ke ƙetarewa, sai an ƙara masa kalma kafin a san shi ake nufi: Bahar Maliya. Kalmar “maliya” daga Larabci ta fito, daga “malih”, wato mai gishiri. Ɗalibi a Kano ko Zariya yana iya shekara goma yana furta sunan nan bai taɓa jin gishirin da ke cikinsa ba.

Akwai wata tsohuwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan da ta haura shekara saba'in tana jin labarin Maliya, ba ta taɓa sa ta a ido ba. Kakanta ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa bayan Turawa sun ci garin a 1906, da niyyar aikin hajji. Ba shi kaɗai ya yi irin wannan fita ba. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya yi gabas da su, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sannar. Wasu dubbai suka bi sawunsu ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan. Tafiya ce ta a yi noman damina ɗaya, a sami guzuri, a ƙara gaba. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai aiki ya samu, aure ya biyo baya, 'ya'ya suka zo. Kakan tsohuwar ya sauka a bakin kogi da cewa zai tashi bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo ta.

A cikin shekarun jiran nan ne ya sayi ƙyallen farin yadi guda biyu a kasuwar Wad Madani, ya ce haraminsa ne. Bai ɗaura ba har Allah ya karɓi abinsa. Ɗansa ya gada, shi ma bai ɗaura ba. Da yake bai bar ɗa namiji a raye ba, sai yadin ya faɗo hannun 'yarsa, ta naɗe shi a ƙasan akwatin ƙarfe tare da busasshen ganyen dalbejiya saboda asu.

Masanin zamantakewa C. Bawa Yamba, wanda ya zauna cikin irin waɗannan mutane a Jazira, ya kira su alhazai na dindindin a littafin da ya fitar a 1995, domin ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne, haifaffun Sudan, suna ce masa su fa a kan hanya suke. Maganar tana da daɗin ji, kuma ta riƙe mutuncin mutane da yawa a lokacin da ba su da komai sai fartanya. Amma wuƙa ce mai kaifi biyu. Wanda ya ce a kan hanya yake, ya ba maƙwabci damar tambayarsa ranar tashi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar Burmi a bakin ƙofa shekaru masu yawa. Kalmar “jinsiyya”, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ta shiga Hausar wurin da nauyin da Bakano ba zai ji a cikinta ba. Haka ma “Fallata” da “Takari”, sunayen da ake haɗa duk mutanen yamma a cikinsu: ma'anarsu tana bin muryar wanda ya furta su.

Ita tsohuwar wata kalma ce daban ke damunta. A Sudan duk macen da ta manyanta ana ce mata “Hajja”, ko ta je ko ba ta je ba. Mai shago ya ce mata Hajja, yaron mota ya ce mata Hajja. Takan amsa, amma idan jikokinta suka kwaikwaya sai ta tsawata musu. Takan ce sunan da ba a biya kuɗinsa ba bashi ne.

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarautar gargajiya. Rusairis na cikin wuraren da abin ya fi muni. An kashe fiye da mutum ɗari, dubbai suka bar gidajensu, kuma a watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi. Tsohuwar ta fita da kayan jikinta, da ƙullin magani, da yadin nan biyu. Tukwanenta da awakinta da ragar kamun kifin marigayi mijinta duk ta bar su. Bayan makonni a wata makaranta da aka tara masu gudun hijira, ɗan autanta, wanda ke aiki a kantin magani a Bur Sudan, ya zo ya ɗauke ta. Suka bi ta Sannar da Wad Madani da Gadarif da Kasala, fiye da kilomita dubu. Motar ta gangaro daga duwatsun Sinkat da dare, ta wuce ta gefen Sawakin tsohuwar tana barci. Abin da kakanta ya kasa yi a shekara arba'in, tsoro ya yi mata shi a kwana biyu, kuma ba ta ko farka ta gani ba.

Wata biyar ta yi a Bur Sudan ba ta yarda an kai ta bakin ruwa ba. Ta ce ba yawon buɗe ido ta zo ba. Autan bai matsa mata ba, amma bai bar maganar ba, kuma dalilinsa yana can nesa, a wata ƙasa da wani addini.

Ya yi karatun haɗa magunguna a Madurai, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, kamar yadda samarin Sudan da yawa suka yi karatu a ƙasar. A 2009 wani abokin karatunsa, mabiyin addinin Hindu, ya roƙe shi ya raka shi kai kakarsa ziyara Rameswaram, domin tsohuwar ba ta iya hawa jirgin ƙasa sai da mutum biyu. Rameswaram gari ne a kan tsibiri, tsakanin Indiya da Siri Lanka, kuma yana cikin manyan wuraren ziyara huɗu na Hindu. A wancan lokacin jirgin yana shiga tsibirin ta gadar Pamban, wadda aka buɗe a 1914, tsawonta kusan kilomita biyu, ruwa dama ruwa hagu. Wannan ne ganinsa na farko da teku da rana tsaka, shi da ya tashi a bakin kogi.

Da asuba suka sauka bakin ruwan da ke gabashin babban haikalin garin, wato gidan bautar da ake kira Ramanataswami. Mutane ɗaruruwa suna shiga ruwan da tufafinsu, mata da sari, maza da gyauto, wasu suna zaune a kan yashi gaban malaman addininsu suna yi wa iyayensu da suka mutu addu'a. Daga nan kowa ya nufi cikin haikalin yana ɗigar ruwa, domin a ciki akwai rijiyoyi 22, kuma a kowace akwai mai guga da ke jawo ruwa ya kwarara wa maziyarci a ka. Haikalin yana da dogayen barandu masu ginshiƙan dutse fiye da dubu. Autan bai shiga ba. Musulmi ne, kuma ya san iyakarsa. Ya zauna a bakin ƙofa yana gadin takalma da jaka.

A zaman gadin nan ne ya koyi kalmar da ta zauna masa. Ruwan bakin tekun da rijiyoyin duka ana kiransu “tirta”, kuma asalin ma'anar kalmar a harshen Sanskirit shi ne mashigi, wurin da ruwa bai yi zurfi ba har mutum zai iya ƙetarewa. Daga wannan ma'ana ta kogi aka ɗauke ta aka ba duk wani wurin ziyara. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san mashigi, ya san mashaya, ya san maƙetara, duka a kan ƙira ɗaya ta “ma-” mai nuna wurin aiki, irin ta masallaci da makaranta da maƙabarta. Ya kuma ji cewa masu cikakkiyar ziyara sukan kawo ruwan kogin Ganga daga Baranasi, can arewa, su zuba a nan, su kuma ɗebi yashin nan su kai can. Mutanen garin suna alfahari da Abdul Kalam, Musulmi ɗan garin da ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007, wanda mahaifinsa limami ne kuma mai jirgin ruwan da ke ɗaukar maziyartan Hindu.

Da yamma suka hau wata tsohuwar motar kaya da ke ratsa yashi zuwa Danushkodi, a ƙarshen tsibirin. Gari ne da guguwar teku ta shafe a watan Disambar 1964, ta haɗa har da jirgin ƙasa da fasinjojinsa. Abin da ya rage kangon coci ne da na tashar jirgi, da bukkokin masunta, da farin yashi mai tsawo da teku ta sa a tsakiya. Amma ba kangon ne ya bi shi har gida ba. Fuskar tsohuwar nan ce lokacin da ta fito daga haikalin, a jiƙe, tana rawar sanyi, tana dariya ba haƙori. Jikanta ya ce shekara arba'in tana maganar zuwa, kowa yana ce mata sai baɗi. Autan bai yarda da abin da ta yi imani da shi ba, amma “sai baɗi” ya san ta sarai, a cikinta aka haife shi. A daren nan ya tuna da akwatin ƙarfen mahaifiyarsa.

Sai a watan Janairun 2023, da iska ta yi sanyi, tsohuwar ta ce masa, ba tare da ya tambaya ba, “Auta, Sawakin ɗin nan da nisa?”

“Tafiyar awa ɗaya ce, Inna.”

“To, gobe.”

Sawakin tana kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Hanyar tana bin fili mai ƙuna, duwatsu a dama, ruwa yana leƙowa a hagu, raƙuman Beja suna kiwo a cikin ƙaya. Tsohon garin yana kan wani ɗan tsibiri mai kewaye kamar faifai a cikin wani lungun teku, an haɗa shi da tudu da 'yar gajeriyar hanya tun zamanin Gordon. Ɗaruruwan shekaru nan ne mashigin alhazan Afirka zuwa Jidda, kuma nan ne kasuwar da Turkawa da Larabawan Hijaz da fataken Indiya suka yi ta hada-hada. Gidajensa na benaye da dutsen murjani aka gina su. Kada mai karatu ya kawo jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya. Wannan fari ne, mai huji-huji kamar soso, daga ƙarƙashin teku ake sarowa. Yana da sanyi a ɗaki, amma sai ana bin sa da shafen farar ƙasa. Da Ingilishi suka gina Bur Sudan tsakanin 1905 da 1909, saboda manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga ƙuncin mashigin Sawakin, sai attajirai suka kwashe suka koma can. Aka daina shafe, gishiri da iska suka yi aikinsu. Yau tsibirin tudun farin dutse ne, sai bango ɗaya a nan, bakin ƙofa a can, da kyanwoyi masu ƙiba waɗanda mutanen gari ke tsokanar baƙi da cewa aljanu ne, domin akwai tatsuniyar da ke cewa a nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu.

Tsohuwar ta bi ta cikin kangon a hankali, tana dafe da kafaɗar ɗanta. Ba ta yi mamakin rushewar ba. Watanni shida da suka wuce ta ga gidajen da suka fi waɗannan sabunta sun zama toka. Abin da ta tsaya ta duba shi ne masallatai biyu da Turkiyya ta gyara, farare tas a tsakiyar kufai. Shugaban ƙasar, Erdogan, ya zo nan da kansa a watan Disambar 2017. Wani mai gadi ya nuna musu: wannan na Hanafiyya ne, wancan na Shafi'iyya.

“Mu Malikawa fa, ina namu?” in ji ta.

Mai gadin ya yi dariya ya ce, “Duka naki ne, Hajja.” Ta kalle shi, ba ta ce komai ba.

Irin mutanenta da suka iso nan a zamanin Turawa ba a benayen suka sauka ba. A wajen gari suke yin zango, suna ɗiban ruwa da dakon kaya, suna jiran allurar rigakafi da takardar ƙetarewa. Wanda ya rasa takarda ko kuɗin jirgi yakan ba da abin da ya tara ga masu sambuk, ƙananan jiragen katako masu filafilai, su fita da shi da dare. Wasu sun isa. Wasu an sauke su a wata gaɓa aka ce musu Hijaz ce. Wasu ba a sake jin labarinsu ba. Ba a rubuta sunan ko ɗayansu a jikin bango ba, kuma wannan rashi ne babba ga garin da ake ta maganar raya tarihinsa: an gyara ofishin kwastan, an manta da waɗanda suka yi layi a gabansa.

Suka fito daga tsibirin suka sami wani wuri a gaɓa inda yashi ya yi laushi, kwalekwalen masunta masu launin shuɗi da ja suna ɗaure. Ta tuɓe takalmanta ta shiga har idon sawu. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sunkuya ta ɗebo da tafin hannu ta kai baki, ta furzar.

“Ashe da gaske ne,” ta ce. “Auta, wannan yana alwala?”

“Yana yi, Inna. Malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa.”

Ta yi alwala a nutse, gaɓa bayan gaɓa, ta ce ya nuna mata gabas. A nan ma akwai abin lura ga ɗalibin harshe. A ƙasar Hausa gabas da alƙibla abu ɗaya ne, har akan ce wane ba ya kallon gabas idan ana nufin ba ya salla. Amma wanda ke Rusairis, in zai fuskanci Ka'aba, arewa zai fi karkata, da ɗan jirkicewa zuwa gabas. Kakannin sun yi ta bin gabas har gabas ta bar gabansu ta koma gefe, kalmar kuwa ba ta motsa daga bakinsu ba. A Sawakin alƙibla tana tsakanin arewa da gabas, kai tsaye ta kan ruwa. Karon farko a rayuwarta ta yi salla ba bango, ba gona, ba dutse tsakaninta da inda take fuskanta.

Da ta sallame ta kwance ƙullin da ta riƙo tun daga gida. Yadin ya koma launin ƙasa-ƙasa, ya yi layi a wuraren naɗi, gefe ɗaya ya fara zarewa. Ta shimfiɗa shi a kan cinyarta, iska tana ɗaga bakinsa. Can gefe, a tashar Usman Digna, wani farin jirgi yana tsaye, irin waɗanda ke kwana ɗaya a ruwa su wayi gari a Jidda da 'yan umara da 'yan ƙwadago. A tashar nan ce wani jirgi ya nutse da tumaki fiye da dubu 15 a watan Yunin 2022. Har yanzu Sawakin mashigi ce, ta mutane da ta dabbobi.

“Inna,” in ji shi, “in Allah ya yarda bana zan tara. Ko umara ce mu shiga wancan jirgin.”

“Allah ya nufa.” Ta naɗe yadin ta miƙa masa. “Wannan dai na maza ne. Na gaji da gadinsa. In ya yage a jikinka, ka ɗaura wani a kai.”

Ya karɓa da hannu biyu.

“Amma kafin nan,” ta ce, “ka mai da ni gida kafin damina.”

“Wane gidan, Inna?”

Ta juyo ta dube shi kamar ya yi saɓo. “Gida nawa gare ni? A can ubanka yake kwance. A can uwata take, da kakan da ya sayi wannan. Wanda ya ce mu baƙi ne ya je ya ƙirga kaburbura.”

Suka ci soyayyen kifi a wata rumfa, najil, jan kifin Maliya da ake ji da shi. Matar masunci ce, ta juya shi ta duba ƙayarsa, ta ce ba laifi, amma bai kai giwan ruwan bayan madatsar Rusairis ba. Wani dattijon Beja ya kawo musu jabana, gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, ta sha ƙananan kofuna uku. Da za su tashi ta sa Autan ya wanke wata robar ruwan sha ya cika mata da ruwan teku. Ta ce akwai ƙawayenta biyu da ba za su yarda da zancen gishirin ba sai sun ɗanɗana.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum. Cikin makonni Bur Sudan ta cika da mutane, gwamnati ma daga baya ta koma can, jiragen ruwan Saudiyya suka yi ta kwashe masu gudu zuwa Jidda, dubbai suna ƙetare Maliya ba harami ba talbiya. Damina ta zo ta wuce, hanyar kudu ba ta yi lafiyar da za a ɗora tsohuwa a kanta ba. Yadin yana cikin akwatin Autan. Robar kuwa tana kan tagar ɗakinta, kuma duk wanda ya zo share ɗakin takan ce masa ya bi ta gefe, akwai masu ita.